Hagun Yayana da Babur Ɗinsa

Yayana ya girme ni sosai, kuma har yau da gemuna ya yi fari Auta yake kirana, ko a gaban surukaina ne. Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Ba shi da shago, babur ɗinsa ne shagonsa. Akwatin ƙarfe yake ɗaurewa a baya, cike da sukuddireba da filaya da gwangwanin mai, ya yi ta zagaya telolin Gombe tun daga Jekadafari har Gabukka. Duk wanda kekensa ya fara tsinka zare ko tsallake ɗinki, shi zai kira. Ni kuwa tebur gare ni a bakin layin teloli, ina sayar da zare da allura da maɓallai da zif. Gidajenmu a Kagarawal suke, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Babur ɗin nan shi muka yi ta fama a kansa, domin an kai lokacin da in Yaya ya hau shi ba mu da tabbacin zai dawo, ba mu kuma da tabbacin wanda ya gitta masa zai koma gidansu lafiya. Amma kafin in gane haka sai da na ɓata watanni a kan wata magana daban, kuma da bakina na ɓata su.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da sakin hannu yake salla, sallama ɗaya yake yi, haka muka tashi muka gani. Yaya tun yana saurayi ya koma kama hannu a ƙirji da sallama biyu, dama da hagu. An sha rigima a gidanmu a kan haka. Ni na tsaya a kan na Baba, ba don na karanta wani abu ba, karatuna na allo da na boko duk ba su yi nisa ba. Na tsaya ne kawai don kada a ce na bi Yaya. Masallacin layinmu kuwa na kowa ne, masu wannan da masu wancan duk sahu ɗaya ake yi. Kullum a hagun Yaya nake tsayawa, tun muna yara aka saba babba a dama. Duk sallar da aka idar sai fuskarsa ta juyo wajena a sallama ta biyu, ni kuma in ji kamar da gayya yake yi.

Wata la'asar, azumi ya kusa, sai Yaya ya yi sallama dama ya tsaya. Na jira fuskar nan ba ta zo ba. Na ce mantuwa ce. Da magariba na saci kallonsa a tsaye, Allah ya yafe mini, na ga hannunsa na dama a ƙirji, na hagu kuwa ya zame yana reto a gefe. Aka zo sallama, ya sake yin guda ɗaya.

Daɗi ya kama ni. Ban ma tsaya tambayarsa ba, na wuce wajen dattawan da ke zama a kan benci bakin masallaci na kai musu albishir. Na ce Yaya ya fara dawowa hanyar Baba, sallama ta riga ta dawo, hannu ɗaya ma ya sauka, saura ɗayan.

Wani dattijo abokin mahaifinmu ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi. Jini ne ya ja shi. A bar shi, a hankali ake saukowa."

Ni ban bar shi ba. Duk telan da na san abokin ra'ayin Yaya ne, in ya zo sayen zare sai na haɗa masa da labari. Ba a jima ba suka tare shi a gabana.

"Malam, me muke ji haka? An ce ka koma sallama ɗaya."

"Ni?" in ji Yaya. "Tun ba a yaye ka ba nake sallama biyu. Wa ya ce?"

Suka dube ni.

"Au, Auta ne? To ku ma kun so. Mutumin da zai sayar maka da zare baƙi ya rantse shuɗi ne."

Aka yi mini dariya. Na ce a raina girman kai ne, ya dawo amma ba zai iya amsawa ba, don kada a ce ƙaninsa ne da gaskiya tun farko.

Daga nan sai abin ya juyo kaina. In an idar da salla wasu kan miƙa wa na kusa da su hannu. Yaya ya gaisa da na damansa har da tambayar iyali, ni kuwa hannuna yana miƙe a hagunsa kamar mai bara, ko kallo bai ishe ni ba. Rana ɗaya, rana biyu, abu ya zama kullum. In muka jera a hanya ina masa magana, sai ya riƙa amsawa yana kallon wancan gefen, kamar katanga ce ta yi magana. Na ce to, gaba ce, haushin tona shi da na yi yake ji. Ni ma na iya gaba. Na canza sahu, na daina shiga gidansa. Azumi ya kama, ina jin ƙarar cokulansu ta kan katanga lokacin buɗa baki, ban leƙa ba.

Matarsa, wadda muke kira Hajiya, ita ta gaji ta kira ni ta saman katangar wata rana da hantsi. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta.

"Auta, fushi ake da mu ne, ko an samo wata yayar a wani layin?"

"Ki tambayi mijinki."

"Mijina rabin tuwo yake ci, ya ture kwano ya ce na rage masa hannu. In na juya kwanon sai ya ce yauwa, ashe da saura a tukunya."

"To ki riƙa juyawa mana. Aiki ne?"

"Kai ba ka ga gemunsa ba? Gefe ɗaya ya gyara. Jiya da takalmi ɗaya ya fito."

"Tsufa ne, Hajiya. Da ma can rigimamme ne, yanzu ya samu lasisi."

Ta ce, "Wallahi da cokali na kusa da na jefe ka da shi."

Da ta jefe ni da ya fi. Komai yana gabana a lokacin. Madubin hagu na babur ɗin ya fashe, akwatin kayan aikin duk gefensa na hagu ya kwarzane. Wani lokaci sai ya bar babur a giya ɗaya tun daga bakin titi har gida, injin yana kuka duk layi na ji, domin da ƙafar hagu ake canza giya. In an yi magana ya ce mutanen Gombe sun lalace, kowa sai ya ajiye baronsa a tsakiyar hanya. Ina jin duk wannan daga nesa ina cewa Allah ya ƙara.

Ranar ƙaramar Salla ya saka babbar riga. Kowa ya san yadda ake yi da ita a kan babur, a naɗe hannuwanta biyu a ɗora a kafaɗa. Yaya ya naɗe na dama ya bar na hagu yana jan ƙasa. Ya je Idi lafiya, ban san yadda aka yi ba. A hanyar dawowa, ya shigo layinmu ke nan, rigar ta shige cikin taya ta fizgo shi. Babur ya yi gefe ya daki teburin wata mai tuya a bakin hanya, kaskon mai ya kife, Allah ya sa ta riga ta miƙe tana ba wani canji. Da tana zaune da a cinyarta zai zube.

Da na iso da gudu na tarar da shi a tsaye yana faɗa, wai wani ne ya ja masa riga ta baya, a nemo shi. Hannunsa na hagu ya goge tun daga gwiwa har wuyan hannu, jini yana ɗiga a kan takalminsa. Na kama hannun na ɗago shi har gaban fuskarsa.

"Yaya, ka ji ciwo."

Ya daɗe yana kallon hannun, kamar an nuna masa kayan wani. Sannan ya ce, "Au. Yaushe?"

A nan gabata ta ƙare. Tsoro ya maye wurinta.

Da farko ido na zarga. Muka kai shi wajen likitocin ido aka duba aka ce idonsa ya fi nawa. Su suka tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Da Yaya ya ji sunan sai ya tsaya cak a baranda.

"Wajen likitan mahaukata za ka kai ni, Auta? Ni?"

Na ce masa ai hannun za a duba, ofishin ne kawai suka haɗa. Ƙarya ce, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Likitan matashi ne, ina zaton daga kudancin jiha yake, Hausarsa tsaf. Ya kira Yaya Baba, ya rusuna ya gaishe shi, nan take Yaya ya saki jiki. Ya zana da'ira a takarda ya ce a cika masa lambobin agogo. Yaya, mutumin da ke kwance cikin keke ya mayar da kowane ƙaramin noti wurinsa, ya ɗauki biro ya cusa lambobin nan gaba ɗaya a gefen dama, suna hawan juna, ya bar rabin agogo fari fat. Ya miƙa da alfahari.

"Ga shi. Ko a sa masa hannuwa?"

Likita ya miƙe igiyar abin da yake sauraron ƙirji da shi, ya ce Baba ya taɓa tsakiyarta. Yaya ya taɓa can kusa da ƙarshen dama. Sai ya ce ya rufe ido. Ya taɓa masa hannun hagu, Yaya ya ce hagu. Ya taɓa na dama, ya ce dama. Ya taɓa duka biyu lokaci guda.

"Dama," in ji Yaya.

"Ita kaɗai?"

"To guda nawa kake so?"

Hajiya ta dube ni, na dubi ƙasa. Hannun dai ba mutuwa ya yi ba, tunda yana ji. In dama ta yi magana ne kawai ba a sauraron hagu.

Likita ya ce in cire hulata zai nuna mana wani abu a kaina. Na cire, na zauna da sanƙona a waje.

"Yauwa, likita," in ji Yaya. "Duba nasa da kyau. Tun yana yaro muke zargin wajen."

Likita ya ce ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce kamar yadda muke ganinta in an fasa kan rago. Gida biyu ce, dama da hagu, kowane gida da ɗakunansa, kowane ɗaki da aikin da aka ba shi. Shi ya sa, in ji shi, in ya ga aikin da ya tsaya, yakan san ɗakin da ya samu matsala tun kafin a ɗauki hoto. Ya dafa goshina ya ce nan ne ake shirya abin da za a yi, nan ne ake danne zuciya a ji kunya, daga ɗan bayansa kuma ake ba gaɓoɓi umarnin motsi. Ya tambaya ko halin Baba ya canza, ko ya fara zage-zage.

Na ce, "Zagi dai tun da can."

"To ba nan ba ne."

Ya koma ƙeyata ya ce nan gani yake. Da nan ne ya taɓu, Baba zai rasa rabin abin da ke gabansa, amma yawanci zai san ya rasa, zai riƙa juya kai yana nema kamar mai ido ɗaya. Ya dafa saman kunnena ya ce nan ake ji, ake gane magana, ake ajiye abin da ya wuce. Ya ce da ta gefen hagu abin ya faɗa, inda magana take, da bakinsa ya harɗe ko ya riƙa faɗin abin da ba a ganewa, kuma da ranar za mu kwaso shi a guje. Wannan kuwa ya bar masa bakinsa garau, shi ya sa kowa ya ɗauka lafiyarsa ƙalau.

Sannan ya ɗora yatsunsa a saman kaina, ɗan baya kaɗan, ta gefen dama, ya danna.

"Nan nake zargi. Nan ake haɗa abin da ido ya kawo da abin da fata ta ji, a san me ke ina."

Na ce a raina yaron nan ya rikice. Na gyara murya.

"Likita, hagu ce ba lafiya. Dama ka dafa."

Ya ce ya sani. Jijiyoyin a gicciye suke, gidan dama ke kula da hagun jiki, gidan hagu ke kula da dama. Na ce to me ya sa aka yi haka? Ya ce wannan kam ba a koya musu ba.

Ya ce idon Baba yana kawo saƙon hagu, kunnensa yana kawowa, amma babu mai karɓa a ɗakin. Ba ƙin kallo yake yi ba, a wajensa babu wani abu can da za a kalla. Abin da ya fi wahala kuma, ɗakin da ya kamata ya gaya masa akwai matsala shi ne ɗakin da ya lalace. Don haka in ya ce lafiyarsa lau, ba musu yake yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan.

"Yaushe abin ya fara?" in ji likita.

Yaya ya ce babu abin da ya fara. Hajiya ta ce cikin azumi ta lura da kwanon tuwo. Sai da likita ya fara rubutawa, sannan na ce akwai wata magana ta sallama. Bai gane ba sai da na nuna masa yadda ake juya kai dama da hagu a ƙarshen salla. Ya ajiye biro.

"Kafin azumi ke nan. Kai ka fara gani?"

"Ni ne."

"Sai kuka yi yaya?"

Na ce, "Sai muka yi murna."

Likita ya ɗaura wa Yaya abin awon jini. Jinin ya hau sosai. Ya ce wata ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe a can ciki, wajen da ta daina shayarwa ya mutu. Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma za a sha magani don kada wata ta sake toshewa, kuma da horo maƙwabtan ɗakin kan karɓi wani abu daga aikin. Da aka ɗauki hoton kan daga baya, tabon ya fito a daidai inda ya danna mini, har sai da na kai hannu na shafa wajen a kaina.

Maganarsa ta ƙarshe ita ce babur. Ya ce Baba kada ya sake tuƙa shi, ba yanzu ba, sai ranar da shi da kansa ya gwada shi ya yarda.

"To, likita, Allah ya yi albarka," in ji Yaya. Muna fitowa baranda ya ce, "Yaro mai ladabi. Amma yaro ne."

Daga ranar na shiga wahalar da ban taɓa shiga ba. Da mutum zai ce ba zan bari ba, ka san da wa kake yi. Yaya kuwa cewa yake me zan bari? Magani yana sha don Hajiya ta tsare shi. Horon da aka ce ya riƙa yi, na juya kai hagu yana neman abu, yana yi yana dariya kamar ana wasa da jika. Amma babur, da ciwon hannu ya warke, sai ya fito da shi ya goge ya sa sabon madubi. Babbar Salla ta matso, ɗinki ya yi wa teloli yawa, kekuna sun fara gajiya, wayarsa ba ta hutawa.

Na fara da lallashi. Lallashina ba ya nisa. Kafin in ankara ina tsaye a ƙofar gida ina ɗaga wa yayana murya a gaban mutane, ina ce masa rabin kansa ya mutu, likita ya nuna mana a hoto. Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji kunya. Shi kuwa ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji ko? Babur ɗin yake so. Tun ranar da na saya idonsa ke kai."

Na koma dabara. Na cire fulogi na ɓoye. Na manta wanda nake yi da shi, mutumin da inji ne abincinsa, kuma fulogin ma ta gefen dama yake. Ya leƙa sau ɗaya ya gano, ya ciro wani daga akwatinsa ya ɗaura. Ranar ya je Jekadafari ya dawo da sabon madubin a karye cikin aljihu.

Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. A zaurensa babur yake kwana, jingine a bangon da ke damansa in zai fita. Da sassafe na shiga na mayar da shi ɗaya bangon, na hagu. Na tsaya a waje ina kallo. Yaya ya fito, ya dubi inda ya saba ajiyewa, wayam. Babur yana nan kusa da gwiwar hannunsa, da ya miƙa hannu zai taɓa, amma ya wuce shi ya fito waje yana salati.

"Auta! An sace!"

Fuskarsa ta yi wani iri. Na ga tsoho ne a gabana, abin da ban taɓa gani ba, kuma da ciwonsa na yi masa tarko. Ina cikin neman abin da zan ce, ya juya zai koma ya gaya wa Hajiya. To, mai shiga ba kamar mai fita ba ne. Bangon da ke hagu ya dawo dama. Ga babur a tsaye yana ƙyalli. Duk bayanin da likita ya yi a kan sanƙona, wannan ɗan lissafin ya gagare ni.

Yaya ya dubi babur, ya dube ni.

"Ka fara ɗauka sai tsoro ya kama ka, ko?"

Ya turo shi waje, ya ɗaure akwati, ya buga ya tashi. Wani tela a Gabukka ke jiransa, kuma kafin a kai can akwai manyan mahaɗu inda tireloli ke wucewa. Ya tsaya yana gyara hula. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba, na ɗaga ƙafa na haye gaba na riƙe kan babur da hannu biyu.

"Sauka."

"Ba zan sauka ba."

"Auta, zan mare ka da furfurarka."

"Ka mara. Ba zan sauka ba."

Maƙwabta suka fara fitowa, masu buta a hannu, masu goge baki. Mai shayin layinmu ya bar tukunyarsa ya matso. Na san in aka taru sosai Yaya ba zai taɓa ja da baya ba, ni ma haka, kuma ƙarshenta ɗayanmu zai faɗi abin da ba a mayarwa. Yaya ya dubi mutanen da ke damansa ɗaya bayan ɗaya. Sai kawai ya yi dariya.

"Ku gan shi nan. Gemu ya yi fari bai iya babur ba. So yake a koya masa, kunyar roƙo yake ji."

Ni da na yi shekaru ina acaɓa a garin nan kafin in kafa tebur! Duk wanda ke wajen ya sani. Na buɗe baki zan tuna masa, har da sunayen unguwannin da na yi, sai na ji Hajiya ta yi tari daga bayan ƙofa, tarin da ba na mura ba. Na rufe bakina. Abu mafi wuya da na taɓa haɗiyewa ke nan.

Na ce, "Haka ne, Yaya. A koya mini."

"To matsa gaba. Ba a zama kamar buhun masara."

Ya hau baya. Har yau ban sani ba ko wani lungu na kansa ya san gaskiya ya nemo mana mafita, ko kuwa da gaske yake. Na tambayi likita da muka koma, ya ce shi ma ba zai iya rantsuwa ba.

Tun daga ranar ni ne ɗalibi. Teburina maƙwabcina ke duba mini da safe. Yaya yana baya yana ba da umarni, yana dukan kafaɗata ta dama har ta yi tsami. In na tsaya a mahaɗa ina jiran mota ta wuce daga hagu sai ya ce, "Me kake jira? Hanya fes!" Motar ta wuce da iskarta ta kaɗa mana riga, ya ce, "Ka ga irin gangancin da nake faɗa maka, daga ina wannan ya fito?" In mun isa shago kuwa kafin ya buɗe akwati sai ya gabatar da ni. Telolin da ke sayen zare a wajena shekara da shekaru yanzu tambayata suke, "Ɗalibi, an fara iyawa?" Ni kuma in ce ana dai taɓawa.

Na ɗauka an gama ke nan. Ana saura kwanaki Salla, muna dawowa da yamma, na shigo da mu layi sumul, na kauce wa rami, na tsaya daidai ƙofar zaure ba ko girgiza. Yaya ya sauka ya tsaya yana kallona yana gyaɗa kai.

"Ka ga amfanin malami. Hannunka ya faɗa, Auta. Bayan Salla zan yaye ka, in karɓi abina."

Ashe ƙwarewata ce za ta mayar masa da babur. Likita ya sake sa shi zana agogo a makon, lambobin sun ɗan bazu amma har yanzu gefen hagu da sauran fili.

Washegari a gaban shagon da ya fi kowane cika a layin teloli, na saki kuloci da ƙarfi, babur ya yi tsalle ya mutu. Na buga, na sake kashe shi. Teloli suka fito har da almakashi a hannu suna dariya, wani yana cewa a kawo wa ɗalibi ruwa.

"Inna lillahi," in ji Yaya daga baya. "Jiya-jiya na yabe ka. Kai dai ba a yabonka."

"Sai haƙuri, Yaya."

"Wane haƙuri? Da sauranka, wallahi da sauranka sosai. Buga mu tafi."

Yanzu haka nake yi. In na ga ya fara gyaɗa kai kwana biyu a jere, sai in nemi wuri mai jama'a, inda babu mota kusa, in kashe babur.